Ido Ba Mudu Ba: Awon Haske da Kyamara Mai Ido Biyu, Daga Turai Zuwa Briqueterie

Duk wanda ya tashi a gidan da aka taɓa zuwa aikin Hajji zai iya tuna wata 'yar na'urar roba da alhazai kan sako a tsarabar yara, tare da dabino da zamzam da carbi. Yaro zai kafa ido a jikinta, ya fuskanci hasken ƙofa, ya danna ɗan maɓalli, sai ga Ka'aba. Ya sake dannawa, sai ga masallacin Madina. Wasu ido ɗaya gare su. Wasu kuwa ido biyu ne, da ɗan faifan kwali da ake zurawa ta sama, kuma a nagartattun cikinsu hoton ba a shimfiɗe yake ba. Na gaba yana gaba, na baya yana baya, har yaro ya miƙa hannu kamar zai taɓa. Wannan shi ne tagwayen hoto, kuma da kyamara mai ido biyu ake ɗaukarsa.

Ta wannan hanya yawancin Hausawa suka san shi, daga Kano har unguwannin Briqueterie da Elig-Edzoa na birnin Yawunde a Kamaru. Mun san shi muna 'yan kallo, ba mu zama masu ɗaukarsa ba, alhali sana'ar hoto ta kafu daram a waɗannan garuruwa tun kafin samun 'yancin kai. Dalilan suna da yawa, tsada na ciki, amma akwai guda da ba a cika kula da shi ba, wato awon haske: yadda mai hoto ke yanke shawarar yawan hasken da zai bari ya faɗa kan fim.

Ɗalibin Hausa ya fara lura da kalmomin sana'ar kansu. "Hoto" aro ne daga "foto" na Turawa, kuma sauyin f zuwa h a gaban o ko u ba baƙo ba ne a harshen, shi ne dai ake ji a fuɗu da huɗu, ko futu da hutu. Wasu kalmomin kuwa Bahaushe ya ƙera su ne daga abin da idonsa ya gani. Ya ga ana tsoma takarda cikin ruwan magani, ya ce ana wanke hoto. Ya ɗaga fim sama ya ga ɗan'uwansa da farar fuska da baƙaƙen haƙora, ya ce dodon hoto. A wannan rubutu za mu bi sawunsa, mu kira ramin da haske ke shiga "kafa", abin da ke buɗe shi ya rufe kuma "ƙyaure".

Asalin tagwayen hoto

A 1838 masanin Ingila Charles Wheatstone ya bayyana cewa idanun mutum biyu ba abu ɗaya suke gani ba. Akwai tazarar kimanin santimita 6.5 a tsakaninsu, saboda haka kowanne na hango abu ta ɗan gefensa, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa biyun ta fitar da zurfi. Mai karatu na iya miƙe ɗan yatsa ya rufe ido ɗaya, sannan ya sauya, zai ga yatsan yana tsalle. Shekara guda bayan haka aka bayyana fasahar hoto a Faransa, sai aka auri dabarun biyu. David Brewster ya ƙera ƙaramin akwatin leƙe a 1849, aka nuna shi a babban baje-kolin Landan na 1851, daga nan ya shiga gidajen Turai da Amurka kamar wutar daji. Kamfanoni irin su Underwood & Underwood da Keystone sun riƙa tura masu hoto sassan duniya, suna sayar wa iyalai da makarantu katunan ƙasashen da ba za su taɓa takawa ba.

A 1893 Jules Richard na birnin Faris ya fito da Vérascope, ƙaramar kyamarar ƙarfe mai ɗaukar tagwayen hoto a kan gilashi mai faɗin milimita 45 da tsawon 107, wadda hafsoshi da matafiya Faransawa suka so ƙwarai. View-Master, kakar na'urar da alhazai ke kawowa, ta bayyana a Amurka a 1939 da faifai mai tagwaye 7. Sai kuma Stereo Realist a 1947, ƙirar Seton Rochwite, wadda kamfanin David White na Milwaukee ya ƙera. Ita ce ta fi shahara, har Dwight Eisenhower da ɗan wasan barkwanci Harold Lloyd suna cikin masu rataya ta. Ba ta da batir, ba ta da ma'aunin haske. Komai a hannun mai ita yake.

Kafa da ƙyaure

Abu uku ne ke yanke yawan haske. Na farko faɗin kafa, wanda ake rubutawa da lambobi 4, 5.6, 8, 11, 16, 22. Girman lamba ƙanƙantar kafa ne, kuma kowane hawa yana rage rabin hasken da ke shiga. Na biyu tsawon lokacin da ƙyaure zai zauna a buɗe, misali 1/25 ko 1/50 ko 1/100 na sakan. Na uku saurin fim, wato yadda yake jin haske, shi ma da lambarsa a jikin kwali. Wanda ya taɓa cika tulu a famfo ya riga ya gane lissafin: ko ya buɗe famfon sosai na ɗan lokaci, ko ya bar shi yana zirara ya daɗe, tulun dai ɗaya ne. Kafa 8 da 1/100 daidai take da kafa 11 da 1/50.

Sai dai a hoto, hanyoyin biyu ba sa haifar da ɗa iri ɗaya. Idan ƙyaure ya daɗe a buɗe, duk abin da ya motsa zai fita a shafe. Idan kafa ta yi faɗi, wuri ɗaya ne kawai zai fita tas, gaba da baya su zama dishi-dishi. Mai hoton fuska na iya son wannan dishi-dishi na baya. Mai tagwayen hoto bai isa ya so shi ba, domin mai leƙe yawo yake da idonsa cikin hoton, ya dubi na kusa ya dubi na nesa, kuma duk inda ya tarar da hazo sai idon ya yi ta ƙoƙarin gyarawa har kai ya yi ciwo. Don haka ƙa'idar tagwayen hoto ita ce a tsuke kafa. Da irin idon Realist, kafa 16 na iya riƙe komai daga kimanin mita 1.5 har ƙarshen gani, a kafa 8 kuwa sai daga wajen mita 3. Ga shi kuma dole idanun biyu su sha haske daidai wa daida. Idan ɗaya ya fi ɗaya duhu, hoton sai ya riƙa walƙiya a ido ya ƙi haɗuwa.

To, ta yaya mutum zai san yawan hasken da ke gabansa? Da farko da ƙiyasi ne kawai, da asarar gilasai. A 1888 Ferdinand Hurter da Vero Driffield, ma'aikatan wata masana'antar sinadarai a Ingila, suka yi rajistar wani ma'auni mai lissafa haske bisa wata da sa'a da nisan wuri daga tsakiyar duniya, a 1890 kuma suka wallafa binciken da ya kafa ilmin saurin fim. A 1890 ɗin dai Alfred Watkins na garin Hereford ya fito da nasa, wanda ya fi burge ni don sauƙinsa: 'yar takarda ce mai jin haske, a buɗe ta a riƙa ƙidaya sakan har ta yi duhu daidai da launin da aka shafa a gefenta, adadin da aka ƙirga shi zai nuna awo. Ma'aunin lantarki na Weston bai zo ba sai 1932, kuma ya daɗe yana kayan masu hali. Talakan mai hoto ya dogara ne da takardar da ke cikin kwalin fim, da wata ƙa'ida da ake haddacewa: a rana tsaka mai haske, a sa kafa 16, a sa ƙyaure daidai da lambar fim. Fim mai lamba 100, ƙyaure 1/100. In rana ta yi lullumi a koma 11, in gajimare ya rufe ta 8, in hadari ya haɗu 5.6, a inuwa 4.

Hasken Yawunde

Jamusawa sun kafa sansanin Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, ba da jimawa ba fatake Hausawa suka biyo hanyar Adamawa da ƙasar Bute suna neman hauren giwa, daga baya roba da goro. Sojojin ƙawance sun karɓe garin a watan Janairun 1916, ya koma hannun Faransa, kuma a zamaninta ne mutanen arewa suka tsugunna a unguwar da ta samo suna daga wurin gasa bulo, wato Briqueterie, wadda 'yan gari ke taƙaitawa da Brik. A bakin mutanen kudu, duk Musulmi mai babbar riga Bahaushe ne, ko Bafillatani ne ko Babarbare ko Bamum. Elig-Edzoa, da kasuwarta da layin dogon da ke ratsa ta zuwa Ngawundare, ita ma ta tara irin waɗannan mutane.

Wanda ya duba hotunan fatake na zamanin Jamus zai ga sama fari fat, fuskoki kuma kamar an shafa musu baƙin tukunya. Ba laifin rana kaɗai ba ne. Gilasan wancan lokaci suna jin shuɗi sosai, ba sa jin ja. Fatar mutum mai ruwan ƙasa da jar ƙasar Yawunde sai su fita da duhun da ya fi na zahiri, shuɗin sama kuma ya ƙone. Gilashi mai jin dukkan launuka ya shiga kasuwa a 1906 daga kamfanin Wratten & Wainwright, amma an ɗauki shekaru kafin ya zama ruwan dare. Ɗalibin tarihi da ke karanta tsohon hoto ya kamata ya riƙe wannan, kada ya ɗauki gazawar sinadari a matsayin kamannin kakanninsa.

Baƙon da ya zo daga Turai yakan yi wani kuskuren kuma. Zafi ya dame shi, sai ya zaci hasken ya ninka na ƙasarsu, ya ƙara tsuke kafa. Alhali tsakar rana a Yawunde ba ta fi ta bazarar Turai haske da wani abin kirki ba. Bambancin yana wajen tsayuwarta. Garin bai kai digiri 4 arewa da tsakiyar duniya ba, saboda haka da azahar rana a tsakar ka take. Tana dukan hula da kafaɗa, ta bar ido da ƙarƙashin haɓa cikin inuwa, in kuwa akwai rawani ko malfa, fuskar gaba ɗaya ta shige duhu. Sannan Yawunde gari ne na tuddai da gajimare, mai damina biyu a shekara, inda haske kan sauya tsakanin ɗaga kyamara da danna ta. Mai hoton Kano ya fi shi sa'a a nan, domin hazon hunturu kan tace masa rana ta yi laushi.

Mu ƙaddara mutum ya tsaya da Realist a Briqueterie a tsakiyar shekarun 1950, an taso daga Juma'a, titi ya cika da fararen riguna. A cikinta akwai Kodachrome, fim ɗin da aka saba sa mata, mai lamba 10 kacal. Ƙa'idar da aka haddace ta ce kafa 16 da 1/10 na sakan, amma a wannan jinkiri hannu zai girgiza, jama'a kuma tafiya suke. Dole ya koma 1/50, kafa tsakanin 5.6 da 8. Nan take ya yi asarar zurfin da ya sayi kyamarar dominsa: in yana son tudun baya ya fita, duk wanda ya matso ƙasa da mita 3 zuwa 4 zai yi dishi-dishi. Idan hadari ya taso, hawa uku sun tafi, sai ya buɗe kafa iyakarta, 3.5, ya sauka 1/25, ya riƙe numfashi.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce dattijon da ke gabansa: farar shadda tana ƙyalli a rana, fuska baƙa tana cikin inuwar rawani. Irin wannan fim bai wuce hawa biyar ko makamancin haka da zai iya riƙewa tsakanin duhu da haske ba, kuma ba shi da dodo. Fim ɗin da aka sa a kyamara shi ne zai dawo a leƙa, babu matakin bugawa a takarda da za a yi gyara. In ya auna don riga, aikin allura zai fito, aska takwas da kowane zare, amma mai rigar ya zama inuwa. In ya buɗe hawa ɗaya ko biyu don fuska, rigar ta ƙone ta zama farin fili. A tagwayen hoto kuwa kowanne daga ciki asara biyu ce, saboda ido na gane zurfi ne ta ƙananan alamu, kamar ninkin tufa da layin goshi. Inda suka ɓace, mutum sai ya tsaya a cikin na'urar leƙe kamar an yanko shi daga kwali.

Ko ma'aunin lantarki ba zai raba masa gardama ba. An gina shi ne bisa zaton cewa duk abin da aka nuna masa toka-toka ne, matsakaici. A nuna masa farar riga, sai ya ce a rage haske, fuska ta mutu. A nuna masa fuskar, sai ya ce a ƙara fiye da kima. Masu wayo sukan auna tafin hannunsu a cikin hasken da mutumin yake, su buɗe hawa ɗaya, tun da launin tafi bai cika bambanta tsakanin jinsunan mutane ba. Bayan duk wannan, fim ɗin sai an aika shi Turai, na yankin Faransa zuwa ma'aikatar Kodak ta Sevran kusa da Faris, ya sha zafi da laima a hanya, a jira makonni kafin a san ko an dace. Ranar Juma'ar ta wuce, dattijon ya koma Garwa.

Akwai kuma abin da ya wuce lissafi. Tun daga shekarun 1950 masu wanke hoto mai launi sun riƙa daidaita injinansu ne da wani kati mai hoton farar mace, wanda ake kira katin Shirley. Binciken Lorna Roth ta Jami'ar Concordia a Kanada, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa ƙorafin masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fita da kyau a talla, yana cikin abin da ya sa aka inganta launin ruwan ƙasa a fim. Katin da ya haɗa mata masu fata daban-daban sai a shekarun 1990 ya fito.

Abin da ya zauna a Briqueterie

A 1963 Michel Kameni, mutumin Bafang da ke yammacin Kamaru, ya buɗe shagon hoto mai suna Studio KM a Briqueterie. Ba Bahaushe ba ne, amma a tsakiyar Hausawa ya yi sana'arsa, kuma Musulmi da Kirista, 'yan birni da 'yan ƙauye, duk sun tsaya a gaban labulensa. Kayan aikin irin waɗannan shaguna kishiyar na baƙon nan ne: kyamara mai ɗaukar hoto guda, fim baƙi-da-fari mai dodo, da ɗakin duhu a bayan shago.

Kowanne daga cikin ukun yana warware wani ƙulli. A cikin shago fitilu a kafe suke, wurin tsayuwa a kafe, saboda haka awon haske abu ne da ake ganowa sau ɗaya a riƙe, abin da ke sauyawa kawai shi ne launin mutum da tufarsa. Wanda ba shi da lantarki ya nemi inuwa. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe nasa shagon a 1948, a tsakar gida da hasken rana ya yi yawancin aikinsa. Dodo kuma yana da haƙuri. Ƙa'idar masu baƙi-da-fari ita ce a ba wa wurin duhu isasshen haske lokacin ɗauka, a taƙaita wanki don kada farin ya ƙone. Wato a auna don fuska, a lallaɓa riga daga baya. A ɗakin duhu mai hoto kan sa hannu ko ɗan kwali ya tare fuska na 'yan sakan yayin da haske ke ci gaba da sauka a kan riga, har biyun su fito a takarda ɗaya. Wasu kuma sukan bi dodon da fensir su ƙara wa fuska haske, abin da masu hoton da yawa ke so, ko da yake wani lokaci yakan wuce gona da iri har uwa ta kasa gane ɗanta.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Mai shagon da ya ɗauki dubban fuskokin unguwa ɗaya ya san ƙimar hasken da kowace ke bukata fiye da jadawalin da aka buga a wata ƙasa, kuma yana da dalilin sani: in fuska ba ta fita ba, mai ita ba zai biya ba, ofishin katin shaida ma ba zai karɓa ba. Wanda ya zo daga waje yana iya wadatuwa da riga da rawani da kasuwa, domin su ya zo gani. Na unguwa kuwa mutumin ake bukata ya fitar. Ƙari a kan haka, bukatun jama'a ba su dace da tagwayen hoto ba ko kaɗan. Ba a manna shi a kati, ba a rataye shi a bango, ba a sa shi a ambulan a aika wa iyaye a Marwa ko Kano su ga an yi Sallah cikin wadata. Mutum ɗaya ne ke leƙa shi a lokaci guda.

Shagunan baƙi-da-fari su ma zamani ya cim musu. Injinan wanke hoto mai launi sun shigo a shekarun 1980, sannan katin shaida na kwamfuta ya janye babbar hanyar samun kuɗinsu a ƙarshen shekarun 1990. Kameni ya tsufa, ganinsa ya raunana, dodannin hotonsa fiye da 100,000 suna jibge a shago cikin ƙura har wani Bafaranshe mai hoto, Benjamin Hoffman, ya haɗu da shi, aka fara tsabtace su ana nuna su a waje. Ya rasu a 2020. A yammacin ƙasar, an kwafe dubban dodannin Jacques Toussele na garin Mbouda da tallafin Laburaren Birtaniya.

Kodak ta daina yin Kodachrome a 2009, shago na ƙarshe mai wanke shi, a jihar Kansas ta Amurka, ya daina karɓa a ƙarshen 2010. Kyamarorin kuwa suna nan, kuma da yake ba su da batir, da yawa suna aiki. Wanda ya samu Realist a yau ya fi mutumin 1950 sauƙi, domin fim mai lamba 100 na ba shi kafa 16 da 1/100 a rana, wato zurfi da tsayar da motsi a lokaci guda. Kada dai ya sa mai lamba 400, tun da ƙyauren ƙirar farko bai wuce 1/150 ba, hasken zai yi masa yawa ko ya tsuke kafa zuwa 22. Ya tuna kuma tsohon ƙyaure yakan yi nauyi, ya daɗe a buɗe fiye da abin da aka rubuta. Idanun kyamarar santimita 7 ne a tsakani, saboda haka kada abu mafi kusa ya gaza mita 2. In mutane zai ɗauka a kasuwar Elig-Edzoa ko wajen masu tsire na Brik, ya shigar da su inuwar rumfa ya auna don fuska, ko ya jira bayan la'asar, lokacin da rana ta sauko tana duban mutum ido da ido.